Saurar Inna Ige

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ina zaune a gindin gawo na uku daga ƙofa, ina kallonku kuna dashe. Kowa da farar riga mai hoton ganye a ƙirji. Wani ya yage leda ya kakkaɓe ƙasar saiwa tas kamar mai wanke rogo, wani ya tura itacen cikin rami da ledarsa, wata kuma ta riƙe nata a sama sai da aka ɗauke ta hoto sau uku kafin ya taɓa ƙasa. Kafin azahar kun gama, kun wanke hannu, kuna ta ƙirga abin da kuka dasa. Ban ce muku komai ba, don tsoho in ya cika gyara sai a daina gaishe shi. Amma ku dawo bayan sati uku, za ku tarar gara ma ta yi tata ƙidayar.

Shugabarku ce ta zo ta durƙusa ta ce in rubuta muku yadda aikin nan yake, tun da na daɗe a cikinsa. Na so in ce mata ido ya yi rauni. Sai na hangi ƙyallen da kuka ɗaura a jikin wayar shinge, wanda kuka rubuta wa “Adalci ga ƙasa, adalci ga mutanenta.” Shi ya sa na yarda. Rabin farko na rubutun nan ina iya koya muku shi a damina biyu. Rabi na biyu kuwa, ni da na yi shekara talatin da ɗoriya a wannan reshe na jami'a, sai da awakin wata tsohuwa suka ƙare ta dalilina kafin na gane shi.

Sunana Bawa, mutumin wani ƙauye ne kusa da Gangara. Ba a jami'a na fara aikin nan ba. Na fara shi a lambun rainon itatuwa da ke Isa, a hannun wani dattijo da ake kira Labbo. Ina da aure a lokacin, gonarmu ta gado ba ta isar mu, na tafi neman lebura. Wata uku cur Labbo bai bar ni na taɓa iri ba, aikina cika leda kawai. Kwano biyu na ƙasar gona, ɗaya na yashin gulbi, ɗaya na takin da ya ruɓe har ya daina wari. Ka tankaɗe, ka yayyafa ruwa, ka cakuɗa, ka dunƙula a hannu. In ka buɗe hannu ta tsaya, ka taɓa ta da yatsa ta farfashe, to ta yi. In ta tsaya ƙyam kamar dawo, laka ta yi yawa. Sai ka ɗura, ka buga gindin ledar a ƙasa sau biyu, ka jera. Labbo yakan bi layi da sanda yana tsokanar ledojin, wadda ta lotsa ya zazzage ta a gabanka.

Ranar da na ƙosa na ce masa, “Maigida, ni hwa dashe niz zo koyo, ba ɗurin ƙasa ba.”

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, “Kai da ba ka iya shimhiɗa ba, wa za shi ba ka jinjiri?”

Daga baya ya koya mini sauran. Duk sati biyu a ɗaga kowace leda a sauya mata wuri, don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. In lokacin dashe ya matso a rage wa itace ruwa da inuwa, ya saba da wuya tun yana gida. Ba a dashe da ruwan farko, komai daɗinsa. Sai ka haƙa ka zura hannu har gwiwa ka ji danshi. A zuba toka a rami saboda gara, a kewaye da ƙaya saboda dabbobi. Kayan aikinmu ba su da yawa: diga, ƙaramar fartanya, baro, wuƙa mai kaifi, da garwar ban ruwa mai bakin rariya. Garwar nan ita ce ta karkatar mini da kafaɗar dama, har yau tela sai ya rage mini hannu ɗaya.

Iri ɗaya ne yake ba mu wuya, shi ne gawo. Ku da kuke zama a inuwarsa ba ku san halinsa ba. Da damina, sa'ad da kowane itace ke ado, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, gero ya yi ta girma a ƙarƙashinsa. Da rani kuwa, sa'ad da komai ya bushe, sai ya yi kore ya zubo 'ya'ya, dabbobi su rayu a kansu. Amma ƙwayarsa tauri gare ta kamar tsakuwa. Ka jiƙa a ruwan zafi, rabi ya dahu rabi ya ƙi. Ka kankare da wuƙa, ka yanke yatsa. Labbo ya bar ni na sha wahala kwana biyu, sannan ya ce in nemi turken awakin da ke cin 'ya'yan gawo, in sharo kashinsu, in murtsuke. Ƙwayar da ta bi ta cikin akuya ta riga ta yi laushi, kwana kaɗan take tsira. Ya ce, “Mu masu reno ɗai muke. Akuya ita ka shibka gawo.”

Ban sha wuyar neman turke ba, don na san na Inna Ige. Aminiyar mahaifiyata ce, gonarta na maƙwabtaka da tamu. Mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi cin rani kudu labarinsa ya yanke, 'yarta kuma tana aure a tsallaken iyaka. Abin da take da shi jajayen awaki tara ne, su ne rumbunta. In hatsi ya ƙare ta kai ɗan akuya kasuwa ta auno gero. Sai kuma gonar da ta gada daga mahaifinta, mai itatuwan gawo bakwai. Ba ta da ƙarfin noma, ta bar gonar ta huta, awakinta suna kiwo a ciki.

Nan ne za ku buɗe kunne. Ku 'yan birni saura ɗaya kuka sani, wato abin da ya rage a kwano bayan an ci. Mu muna da biyu. Gonar da aka bari ta huta, ita ma saura ake ce mata. Ba kunyar noma, ba kara, ba kowa a ciki, amma tana da mai ita, kamar rigar da ka rataye a ƙusa: taka ce ko ba ka sa ta ba. Duk yaron da ya tashi a ƙasar Gobir ya san wannan kafin ya san karatu.

Sa'ad da jami'a ta zo buɗe reshenta na koyar da noma da tsare hamada a nan tsakanin Isa da Sabon Birni, wanda aka ɗora wa aikin itatuwa shi ne Dakta Sabi'u. Haifaffen birni ne, ya yi karatu a ƙasar waje, dogo mai tabarau. Kada ku zaci mugu ne. A kwano ɗaya yake cin abinci da leburori. Ya nemi ɗan ƙasa wanda ya san raino ya raka shi duba fili, Labbo ya tura ni. A cikin mota ya gaya mini wuri biyu suke dubawa, wajenmu da wajen Turba. Inda aka sami fili nan za a kafa lambu, kuma daga mutanen wurin za a ɗauki shugaban lambun. Ya ce gonakin da gine-gine suka ci za a biya masu su, amma filin gwajinsa yana son wanda ba na kowa ba, don bai zo ya cire wa kowa loma daga baki ba.

Muka taka da ƙafa, mu huɗu: ni, da Dakta, da mai gari, da ƙanen mai gari. Mai gari ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi. Yana tafe yana nuni da sanda.

“Wagga ta Garba ta. Waccan ta ɗiyan Liman ta. Can ko wajen iccen gawo, saura ta.”

Ya wuce gaba abinsa. Na ga fuskar Dakta ta washe. Ya juyo ya ce, “Malam Bawa, wato bayan an raba gonaki wannan ne saura? Babu kowa a kai?”

Na dubi wurin. Ciyawa ce, da sabara, da itatuwa bakwai. A gindin na biyu ga fasasshiyar tukunyar da Inna Ige ke zuba wa awakinta ruwa. Na gan ta sarai. Na kuma tuna da Turba, na tuna da garwar Labbo da zan ci gaba da ɗauka har tsufana.

Na ce, “Ba kowa a kai, ranka shi daɗe.”

Ya rubuta a littafinsa. Shi ke nan, ko minti ɗaya abin bai ɗauka ba. Na daɗe ina gaya wa kaina ban yi ƙarya ba, tun da a wannan sa'a babu mutumin da ke tsaye a filin. Amma na san abin da ya tambaya, na kuma san abin da ya ji.

Wayar da ta kewaye filin ni na ja ta da hannuna. Turakun ƙarfe, taku huɗu tsakanin kowane biyu, waya mai ƙaya layi biyar, na ƙasa kusa da ƙasa yadda ko ɗan akuya ba zai kurɗa ba. Aiki ne mai kyau, har yau ban ga wanda ya ja waya ta miƙe haka ba, kuma wannan na cikin abin da ke damuna. Kwana tara muka yi. A rana ta huɗu Inna Ige ta zo da awakinta ta tsaya tana kallo.

Ta ce, “Bawa, aikin gwamnati na?”

Na ce, “Na jami'a na, Inna.”

Ta ce, “To, Allah shi ba da sa'a.” Ta kora awakinta ta tafi. Na ji ta je wurin mai gari, ya ce mata takarda ta riga ta tafi birni, shi ba ya da yadda zai yi. Ba irin matan da ke zuwa gaban alƙali ba ce, ba ta kuma da namijin da zai je mata.

Dokar filin ɗaya ce: ba abin da zai shiga, ba abin da zai fita. Dakta yana son ya ga yadda ƙasa ke farfaɗowa in an ɗauke mata baki da kofato. Ɗalibai irinku sukan zo su tsince 'ya'yan gawon da suka zuba, su ɗora a sikeli, su rubuta, su mayar da su ƙasa. Mabuɗin ƙofa yana aljihuna, don na zama shugaban lambu kamar yadda aka yi alkawari.

Shekara biyu aka yi lafiya, na ma fara mantawa. Damina ta yi kyau, ciyawa ko'ina, harawa a kan kowane ɗaki. Lambu ya cika da masu zuwa karɓar dashe. Malamin makarantar allo ya zo neman darbejiya saboda inuwar karatu, kuma nasa ne kaɗai ba su taɓa mutuwa ba, don ruwan alwala a gindinsu yake zuba. Mata su zo neman zogale. Malaman jami'a su nace sai mangwaro da gwaiba, in gaya musu ƙasar nan ba ta ɗauka, su ce a littafi tana ɗauka, bayan wata biyu su dawo neman wani. Fulani kuwa ba su taɓa karɓar ko leda ɗaya ba. Sukan tsaya daga nesa su gaishe ni, su tambaya ta ina wayar za ta bi baɗi. Ina yi musu dariya a lokacin, ashe su ne suka fi kowa gane aikina.

Sai fari ya zo. Shekarar farko muka yi shuka sau uku, gero ya kawo gwiwa ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Muka ce baɗi. Baɗi ta zo ta fi ta bara muni. Rijiyar lambu sai da muka ƙara mata igiya sau biyu. Aikina kowace safiya in ja ruwa in shayar da layin itatuwan turare da aka dasa a bakin hanya don baƙi su gani, mata na tsaye da tuluna suna jira in gama. Turaren nan ko ɗaya bai kai labari ba, gara ta bi su ta ƙasa ta cinye, ruwan ya tafi a banza.

Da rani ya yi nisa, in ka tsaya a bakin waya sai ka ga ƙasa biyu. Waje fes kamar an share tsakar gida, ko tsinke babu. Ciki kuwa busasshiyar ciyawa har ƙwauri, ga 'ya'yan gawo jajur sun zube a gindin kowane itace. Fari bai dami gawo ba, saiwarsa tana can ƙasa inda igiyarmu ba ta kai. Awakin Inna Ige sukan zo su jeru a jikin waya tun safe suna kallon ciki. Itace na bakwai yana da reshe ɗaya da ya tsallako waje. Abin da ya faɗo daga shi, shi take tsincewa ta raba musu.

Wata safiya ina sauya wa ledoji wuri na ɗaga kai na gan ta a bakin ƙofa da buhu a hannu. Na gaishe ta, ta amsa.

Ta ce, “Bawa, ba gona niz zo biɗa ba. Ku riƙe gona. Ɗiyan gawo ɗai nika so, waɗanda sunka hwaɗi ƙasa.”

Na ce, “Inna, auna su aka yi. Ko buhu guda yah hita, za a gani ga takarda.”

“To in an auna, wa ka cin su?”

“Ba kowa. Maishe su aka yi inda anka ɗauko.”

Ta dube ni kamar mai jiran in ji abin da na faɗa da kunnena. Sannan ta naɗe buhunta. Ta ce, “Ka gaya ma mai tabarau. Ka ce wata tsohuwa ta ka roƙo.”

Na ce, “Za ni gaya mishi, Inna. Da ya zo za ni gaya mishi.”

Dakta daga birni yake zuwa, sau ɗaya a wata. Sau uku ya zo bayan wannan magana, sau uku ina shirya bakina tun daga gida. Amma na san tambayar da za ta biyo baya: wace tsohuwa, me ya haɗa ta da filin? Daga nan sai littafinsa, sai ranar da na ce ba kowa a kai. A shekarar nan mai albashi ne kaɗai ke ɗora tukunya kullum, kuma gidana da na yayana duk a kaina suke. Tsoro na ji, ba wani abu ba. A zuwansa na biyu har shi da kansa ya tambaye ni, ya ce, “Yaya mutanen gari? Akwai abin da za mu iya yi musu?” Na ce masa sai dai addu'a.

Abin da na iya shi ne sata. In za ni tashi aiki da la'asar sai in cika aljihu biyu da cikin hula da 'ya'yan gawo, in bi ta gidanta in zazzage a turke. Ku auna da kanku abin da aljihu zai ɗauka a raba wa baki tara. Na kai musu ganyen darbejiya, suka ɗanɗana suka kau da kai. Ita kuwa kullum sai ta ce an gode, ba ta kuma sake tambayata ko na gaya wa mai tabarau ba.

Awaki masu ciki ne suka fara ɓari. Sannan suka fara kwanciya ba su tashi. Ta kai uku kasuwa a lokacin da kowa ke sayarwa ba mai saye, abin da ta auno da su bai kai ta wata ba. Wata safiya na zo buɗe ƙofa na tarar da babbar akuyarta, wadda take kira Gwamma, ta cusa kai a waya tsakanin layi na biyu da na uku, ƙaho ya sarƙe, ta mutu a tsaye. A gaban bakinta, tazarar da ba ta kai tafin hannu ba, ga ɗan gawo guda a ƙasa. Sai da na yanke wayar kafin na cire ta. Na ɗaure wurin da na yanke ɗauri mai kyau, yadda ba wanda zai gane. Har yau in na tuna cewa na tsaya na gyara wayar nan kafin in je in gaya mata, sai in ji kunyar kaina.

Kafin ruwa ya sauka turken ya zama wayam. Ta ƙarshe yanka ta aka yi don kada ta zama mushe. Surukinta ya zo daga tsallaken iyaka da amalanke ya ɗora mata tabarma, da tukwane, da akwatinta. Da hantsi suka biyo ta bakin lambu, ta sa ya tsaya. Ta sauko da kanta, ta jawo wani buhu ta ajiye a gabana.

Ta ce, “Na share turke. Na san kana biɗar kashinsu don iri. Ga shi.”

Na durƙusa na ce, “Inna, ki yahe mani.”

Ta nuna buhun da ƙafa. “Wanga shi na saura, Bawa. Abin da yar rage.” Sannan ta nuna waya da haɓa. “Waccan ko, kai ka san ko wace iri ta. Tun ba ka da wando kaka bin uwarka cikinta.”

Na ɗago na dube ta.

Ta ce, “Mai gari kurma na, amma ƙanenai yana ji. Tun ranar nis san abin da kac ce. Ban kai ƙara ba don kana da iyali, kuma uwarka ta sha ruwa ɗakina. Na aza in wuya ta yi wuya, kai da kanka za ka hwaɗi.”

Ta hau amalanke suka tafi. Ba ta zage ni ba, ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma waiwayo ba.

A satin nan Dakta ya zo, na same shi a ƙarƙashin rumfar lambu na gaya masa komai, tun daga kalmar da mai gari ya faɗa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Na jira ya ce in ajiye mabuɗi. Da ya buɗe baki sai ya ce, “Ƙofa fa kawai, Malam Bawa. Da mun yanka mata ƙofa, mu auna abin da awaki ke ci da abin da suke mayar wa ƙasa. Da binciken ma ya fi kyau.” Ya ce laifinsa ne da ya tambayi mutum ɗaya ya rubuta. Bai kore ni ba. Da ya kore ni, ina jin da na fi samun sauƙi. Wata uku na yi ina gadin abin da Dakta ma, da ya sani, ba zai ce a yi gadinsa haka ba.

Ya rubuta birni, ya bi takarda ofis ofis har aka yarda filin nata ne. Ni na yanka ƙofar, ita ce wannan da kuke shiga ta gefen gari. Muka ba wani ɗan kasuwa da ke tsallaka iyaka saƙo ya kai mata, cewa gonarta na nan, ƙofa a buɗe, ta dawo. Bayan kasuwa biyu ya kawo amsa.

“Ta ce a gaishe ka, a gaida mai tabarau. Ta ce ƙohwa ta akuya ta, ita ko ba ta da akuya.”

Can ta rasu, a ɗakin surukai, ita da ta yi shekara sittin ba ta ci daga hannun kowa ba.

Buhun nan na zauna na murtsuke shi da hannu, kwana uku. Ƙwayar ba ta da yawa, don abin da awakin suka samu a ƙarshen ransu daga reshe ɗaya ne da aljihuna. Na cika leda yadda Labbo ya koya mini, na shuka, na raina. Da damina ta dawo na zura hannu har gwiwa na ji danshi, na dasa su a wajen waya, ba a ciki ba, ta gefen gari, yadda duk abin da suka zubar zai faɗi inda akuya ke iya kai baki. Goma sha ɗaya suka rayu. Su ne layin da kuka ajiye jakunkunanku a gindinsu ranar Asabar. Ɗayanku har ya ce mini, “Baba, waɗannan ai aikinka ne, ka yi ƙoƙari.” Na ce masa a'a, awakin wata mata ne suka shuka su.

Na dasa itatuwa da yawa a rayuwata, ban san adadinsu ba, kuma an ba ni takardar yabo tana rataye a ɗaki. Ba ta taɓa sa ni barci mai daɗi ba.

Na ji kuna shirin kewaye wani sabon fili can bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, kun ce an gaya muku ba kowa a kai. Wataƙila gaskiya ne. Ramin da ledar da tokar duk za ni nuna muku, ba su da wuya. Amma kafin ku kafa turke ɗaya, ku shiga filin da ƙafa ku duba gindin itatuwa ko akwai fasasshiyar tukunya. Sannan ku shiga gari ku tambaya ko saurar wa ce. In za ku tambaya, kada ku tambayi mai neman aiki a wurinku. Ku tambayi mai awaki.